Barewa Ta Yi Gudu, Ɗanta Ya Yi Rarrafe: Ciwon Tangaɗi Na Gado A Karnukan Farauta



Ranar da wakilanku suka kawo mini takardar gayyata, sun tambaye ni a kan me zan yi magana. Da na ce musu a kan kare, sai na ga sun dubi juna, ɗayansu ya yi ta maza ya ce, "Likita, ko dai shanu?" Ban ga laifinsa ba. Mu Hausawa ba mu ɗauki kare abin kawowa gaban manya ba, in ma aka ji sunansa a taro, to galibi zagi ne ya kawo shi. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa ya san akwai gidajen da kare ke da daraja kamar ta saniya. Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, za ka ga ayarin mafarauta a bakin hanyar Kano zuwa Jos, ko wajen Kwanar Dangora, da gora da adda, kowa yana riƙe da igiyar kare biyu ko uku. Mai kare mai kamu ba ya rasa nama a tukunya, ba ya kuma rasa suna a dandali. Malamanmu na fiƙihu ma sun yarda a ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona. Saboda haka ban zo da abin wasa ba, na zo ne da maganar dukiyar iyayenmu.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu ina yaro. Ina da wani kawu, Allah ya jiƙansa, mafarauci ne a wani ƙauye na ƙasar Tudun Wada, ba nisa da bakin dajin Falgore. Yana da wani baƙin kare mai suna Duna, wanda har yau in tsofaffin garin suka zauna hira sai an ambace shi. Mutane kan taso daga ƙauyuka da karyarsu su roƙi a haɗa ta da shi, wani ya kawo kaza, wani ya kawo ƙwaryar dawa. Shi kuwa kawu, don gudun kada irin ya gurɓace masa, sai ya ajiye wata 'yar Duna mai suna Kyalla, da ta girma ya mayar da ita ga ubanta. Ta haifi 'yan kwikwiyo bakwai kyawawa, suka yi wata biyu lafiya lau. A cikin wata na uku sai biyu daga cikinsu suka fara wata irin tafiya: su wara ƙafafu kamar mai tsayuwa cikin kwalekwale, su ɗaga ƙafar gaba sama fiye da kima kamar mai tsallake kunyar gona, in kuma sun nufi kaskon abinci kansu ya riƙa rawa har su sari gefen kaskon. Ba zazzaɓi, ba dalala, ba cizo. Suna ci suna sha, in an kira su suna kaɗa bindi.

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce hauka ne, wasu suka ce jifa ne, kuma ba a daɗe ana neman mai jifan ba aka ɗora wa wani maƙwabci wanda dama suke takara da kawu wajen farauta. Aka kashe 'yan kwikwiyon. Da shekara ta zagayo aka sake haɗa Duna da Kyalla, ta haifi shida, ɗaya ya sake yin irin wancan tangaɗi. A wurin kawu wannan ya zama shaida, shi da maƙwabcinsa suka yi shekara uku ba gaisuwa, har wani aure da aka shirya tsakanin gidajen biyu ya watse. Sai da na shiga karatun likitan dabbobi, wata rana ina zaune a aji, na gane cewa mai jifan nan yana kwance a ƙofar ɗakin kawu tun farko. Duna ne da kansa, ba da saninsa ba, kuma kawu ne ya taimaka masa da hannunsa.

Kafin in bayyana yadda haka ta yiwu, ya kamata mu fahimci abin da ake nufi da tafiya. Muna ganinta abu mai sauƙi ne don mun saba da ita, alhali kuwa aiki ne na gayya. Babbar ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarni, laka, watau igiyar nan fara da ke cikin ƙashin baya, ita ke kai saƙo, jijiyoyi su rarraba shi, tsoka ta aikata. A can ƙeya kuma akwai wani yanki da muke kira ƙaramar ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa ya yi kama da na makaɗin gayya. Makaɗi ba ya riƙe da garma, amma shi ke sa garma ashirin su tashi tare su sauka tare. Ku cire makaɗin ku gani: manoman suna nan da ƙarfinsu, sai dai wani ya sara da wuri, wani ya makara, wani ya sari ƙafar ɗan'uwansa. Haka kare yake idan ƙaramar ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Ƙarfinsa yana nan, hankalinsa yana nan, auna motsi ne ya ɓace masa. Wannan yankin ne kuma giya ke rikitawa a kan mashayi, shi ya sa tafiyar biyu ta yi kama. Likitoci na kiran wannan hali ataksiya, kalmar Girkanci ce mai ma'anar rashin tsari, mu kuwa muna da tamu, watau tangaɗi. A cikin yankin akwai wasu manyan ƙwayoyin halitta masu rassa kamar bishiyar kuka, waɗanda wani masani ɗan ƙasar Cek, Jan Purkinje, ya bayyana a 1837. Su ne suka fi mutuwa a irin wannan ciwo, kuma wadda ta mutu ba ta da magaji, domin jiki ba ya sake yin wata a madadinta.

In kuwa laka ce ta taɓu, alamar dabam ce. Karen ba ya sanin inda ƙafarsa take, sai ya riƙa jan ta baya a ƙasa har farce ya cinye ta sama. In ka naɗe masa tafin ƙafar ka ɗora shi a kan bayanta, lafiyayyen kare zai gyara nan take, shi kuwa zai tsaya a haka kamar ba tasa ba.

A nan dole in tsaya in yi gargaɗi, kuma in kun manta da duk abin da na faɗa yau, kada ku manta da wannan. Duk karen da ya fara tangaɗi, a ɗauke shi mahaukaci ne har sai an tabbatar da ba haka ba ne. Mutanen garinmu sun yi kuskure wajen zargin maƙwabci, amma ba su yi kuskure wajen jin tsoro ba. Ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 kowace shekara a duniya, yawancinsu a Afirka da Asiya, da yawa daga cikinsu yara ne, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum to sai dai addu'a. Ba kowane mahaukacin kare ke bin mutane da cizo ba. Akwai mai shiru, wanda ƙafafunsa ke shanyewa, muƙamuƙinsa ya saki, miyau ya riƙa zuba, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya tura hannu cikin bakin. Wanda kare ya ciza ko ya yakushe shi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar domin allura, kada ya tsaya jiran komai. Karen kuwa a ɗaure shi inda yara ba sa isa, a kira ma'aikacin dabbobi. Hauka ba ya jan lokaci: karen da ya fara nuna alamunsa ba ya wuce kwana goma a raye. Wanda ya mutu, ƙwaƙwalwarsa ake gwadawa, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana wannan aiki, tana kuma yin allurar rigakafin. To karen da ya yi wata biyu yana tangaɗi, yana ci yana sha yana wasa, wannan ba hauka ke damunsa ba.

Akwai kuma sauran abubuwan da ke sa tangaɗi ba tare da gado ya shigo ba. Cutar distemfa kan fara da kwantsa da majina da tari da zawo, sa'an nan ta hau ƙwaƙwalwa ta bar kare da wata zabura a tsoka da ba ta tsayawa ko yana barci, tana kuwa da rigakafi. Akwai guba, musamman fiya-fiya da magungunan feshin gona da aka cika ƙauyukanmu da su. Akwai bugun sanda a baya, da ciwon cikin kunne, da kuma 'yan kwikwiyon da aka raina da ƙanzo da dusa kawai har ƙashinsu ya lanƙwashe. Abin da ke bambanta na gado shi ne tsarinsa. Yana fitowa a gida ɗaya, daga iyaye lafiyayyu, a kusan shekaru ɗaya, ya kama wasu 'ya'yan ya bar wasu, ba ya yaɗuwa zuwa karen maƙwabci, kuma ya sake dawowa duk lokacin da aka sake haɗa uwar nan da uban nan.

To yaya lafiyayye da lafiyayya za su haifi mai tangaɗi, bayan kakanninmu sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe? Karin maganar gaskiya ce a mafi yawan lokaci, amma tana da ƙofar baya, kuma wanda ya fara gano ƙofar wani malamin coci ne, Gregor Mendel, wanda ya yi shekaru yana haɗa irin wake a lambu a garin Brno, ya buga sakamakonsa a 1866. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin kare akwai wasu zarurruka 78 da ake kira kuromosom, jere biyu-biyu, watau tagwaye 39, rabi daga uwa rabi daga uba. Mu mutane 46 gare mu. A kan zarurrukan nan ne aka jera ƙwayoyin gado kusan dubu ashirin, kowace ɗaya umarni ce ta yadda za a ƙera wani abu a jiki, an rubuta ta da sinadarin da ake kira DNA. Tunda kowane umarni kwafi biyu ne, in na wajen uba ya zo da kuskure, na wajen uwa kan rufa asiri, kare ya yi ta gudunsa ba wanda ya san yana ɗauke da komai. Ranar tonon asiri ita ce ranar da mai ɗauke da kuskuren ya haɗu da mai ɗauke da irinsa.

Na san kun riga ni isa inda za ni. Wannan shi ne lissafin sikila, kuma ina neman afuwa, ba ina kwatanta ɗan Adam da kare ba ne, doka ce ɗaya Mahalicci ya shimfiɗa wa wake da kare da mutum. Mai AS lafiyayye ne, amma in ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS, shi ya sa a 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure. Haka abin yake ga Duna da Kyalla. Cikin kowane 'yan kwikwiyo huɗu, a matsakaicin lissafi, ɗaya zai kamu, biyu za su ɗauki kuskuren a ɓoye, ɗaya ya fita tas. Na ce a matsakaicin lissafi, domin gado ba rabon goro ba ne. Karya na iya haihuwar takwas huɗu su kamu, tana kuma iya haihuwar takwas ba ko ɗaya, wannan na biyu yakan faru kamar sau ɗaya cikin goma. Shi ya sa mai kare kan ce, "Ai bara na haɗa su ba abin da ya faru," ya ɗauka shaida ce, alhali sa'a ce. Ku lura da wani abu kuma: cikin 'yan'uwan mai tangaɗi waɗanda suka tashi lafiya, biyu cikin uku suna ɗauke da abin. Su ne kuwa kawu ya rarraba wa abokansa a matsayin kyauta.

A shekarar 2005 masana a Amurka suka kammala karanta rubutun gadon kare gaba ɗaya, daga jinin wata karya mai suna Tasha. Daga nan aka fara kama kurakuran ɗaya bayan ɗaya, kuma zan kawo kaɗan waɗanda suka shafe mu.

Wanda ya fi tuna mini da gidanmu ya fito ne daga ƙasar Finlan, can arewacin Turai. Suna da wani karen farauta nasu na gida da suke bin zomo da yanyawa da shi, mafarautansu kuma suna ji da shi kamar yadda namu ke ji da nasu. Sai aka riƙa samun 'yan kwikwiyo suna tangaɗi da rawar kai kafin su wuce wata uku, abin yana gaba yana gaba har su kasa cin abinci. A 2012 masana a Jami'ar Helsinki suka gano cewa harafi ɗaya tak ne ya canja a cikin wata ƙwayar gado mai suna SEL1L. Da suka gwada karnuka masu yawa, sai suka tarar kusan ɗaya cikin goma na ɗauke da shi a ɓoye. Ba su kashe ko ɗaya ba. Sun fitar da gwaji ne, mafarauci ya san abin da karensa ke ɗauke da shi kafin ya haɗa. A 2013 da 2014 an gano wasu kurakuran biyu dabam-dabam a ƙananan karnukan Ingila da ake kira Jak Rasal, ɗaya a CAPN1 ɗaya a KCNJ10, alamunsu kuwa kusan iri ɗaya. Darasin nan ba ƙarami ba ne: tangaɗi iri ɗaya a ido na iya samun tushe fiye da ɗaya. A 2017 kuma aka sami wani kuskuren a cikin KCNJ10 ɗin nan a karen Malinuwa na Beljiyam, wanda 'yan sanda da sojoji na ƙasashe da dama ke aiki da shi.

Na biyu ya shafi Alseshan, watau karen makiyayan Jamus, wanda ya cika gidajen masu hali a birnin Kano, kuma jininsa ke malalowa ƙauye ta hannun masu gadi da 'yan kasuwa. Shi ciwonsa a laka yake, kuma mugun makirci gare shi, don ba ya fitowa sai kare ya kai shekara takwas ko fiye. Ƙafafun baya su fara ja, ba tare da zafi ba, cikin shekara guda ko makamancin haka su shanye. Kafin lokacin kuwa ya riga ya haifi 'ya'ya da jikoki. An bayyana ciwon tun 1973, amma sai a 2009 masana a Jami'ar Misuri da abokan aikinsu suka danganta shi da kuskure a SOD1, daga baya aka sami kuskuren a irin karnuka fiye da ɗari. Ba duk karen da ya gaji kwafi biyu ke kamuwa ba, wasu kan tsufa su mutu da ƙafafunsu. Abin da ya ja hankalin likitocin mutane shi ne, kuskure a wannan ƙwayar gadon yana cikin abubuwan da ke haddasa wani ciwon shanyewar jiki a ɗan Adam, dangin wanda ya zaunar da masanin nan Stephen Hawking a keke har rasuwarsa a 2018. Ga kare nan da muke raina wa, ya zama littafin da ake karanta ciwon mutum a cikinsa.

Na uku, mafarauta ya kamata su buɗe kunne. A karen Labrado akwai wani hali: lafiyayye ne sarai a gida, amma in ya yi gudu mai tsanani na minti biyar zuwa ashirin, musamman cikin zafi da zumuɗi, sai ƙafafun baya su saki ya zube, hankalinsa na nan yana ƙoƙarin ci gaba da gudun da jan ciki. Bayan kamar rabin sa'a ya miƙe, ko da yake akwai waɗanda ba sa miƙewa. A 2008 aka gano tushensa a Jami'ar Minesota, a wata ƙwayar gado mai suna DNM1, wadda aikinta shi ne taimaka wa jijiya ta sake cika buhunan saƙonta bayan ta aika. A tafiyar yau da kullum abin da ke akwai ya wadatar, a tsakiyar kora kuwa sai buhunan su ƙare. Ku ɗauka an zuba wannan jini cikin karen da zai bi zomo a zafin watan Maris a ƙasar Kiru.

Akwai wani kuma da ba ciwo ba ne sai an tsokane shi. Maganin tsutsa da kaska na ibamektin, wanda ake sayarwa a kowace kasuwar ƙauye domin shanu da tumaki, mutanenmu kan ɗiba da ka su ɗirka wa kare. A 2001 aka fara ganowa a Amurka cewa karnukan Koli, daga baya kuma danginsu har da wasu 'yan kaɗan cikin karnukan makiyayan Jamus, suna gadon wani kuskure a MDR1 da ke karya shingen da ke hana magani shiga ƙwaƙwalwa. Awon da wani kare zai ɗauka lafiya, su sai ya sa su tangaɗi da makanta da suma. Ko karen da ba shi da kuskuren ma, awon saniya ba nasa ba ne.

Me ya sa kurakuran nan suka taru a karnukan Turawa? Ba don jininsu ya fi namu muni ba ne, don ƙofar da suka rufe ne. A 1873 aka kafa ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila, aka buɗe littafin asali, aka wayi gari kare ba ya shiga wani iri sai uwarsa da ubansa suna cikin littafin. Shi Alseshan ma, wani hafsan sojan Jamus ne, Max von Stephanitz, ya kafa irin a 1899 a kan kare guda ɗaya da ya saya, aka yi ta haɗa zuriyarsa da junansu don siffar ta zauna. Siffa ta zauna kuwa, sai dai duk abin da kakan ya ɓoye shi ma ya zauna. Abin da kawuna ya yi a bayan ɗakinsa ke nan, Turawa suka yi shi da littafi da hatimi. Lissafin ba wuya: in uba na ɗauke da kuskure, rabin 'ya'yansa mata sun gaje shi, saboda haka mayar da 'ya ga ubanta na nufin kowane ɗan kwikwiyo na da kashi ɗaya cikin takwas na kamuwa, tun kafin a san ko ita 'yar ta gada. In kuwa ta tabbata ta gada, an koma ɗaya cikin huɗu. Haka kuma gwarzon kare guda da kowa ke kai wa karyarsa, ko da ba a haɗa shi da 'yarsa ba, cikin shekara biyar rabin karnukan yankin sun zama 'yan uba, su kuma za su haɗu da junansu a bayan gari ba da izinin kowa ba.

Karenmu na gida, mai tsayayyen kunne da siririn ciki, wanda yara ke jifa, shi ne mai arzikin da ba mu sani ba. Binciken da aka buga a 2009 kan karnukan ƙauye a Masar da Yuganda da Namibiya ya nuna jininsu na da faɗi ƙwarai. A 2018 kuma masana daga ƙasar Sin da abokan aikinsu suka karanta rubutun gadon karnukan gida 19 daga Nijeriya, suka ƙiyasta cewa kakanninsu sun shigo Afirka kimanin shekara 14,000 da suka wuce, suka kuma ware ƙwayoyin gado 50 da zaman wannan ƙasa ya tace, masu alaƙa da garkuwar jiki da jure zafin rana. Ba ina cewa karen gida ba ya ɗauke da kuskure ba ne, ai Duna na gida ne tsantsa. Kowane mai rai yana ɗauke da nasa. Bambancin shi ne, inda jini ke da faɗi, da wuya kuskure ya gamu da ɗan'uwansa. Ni a ganina, saurayin da ya sayar da buhun masara ya sayo ɗan kwikwiyon Bature marar asali a bakin titi, don a ce karensa ya fi na kowa girma, ya yi musayar abin da aka tace cikin dubban shekaru da abin da bai san cikinsa ba.

Yanzu ana gane yawancin kurakuran da na ambata ta hanyar goga auduga a cikin kuncin kare a aika ɗakin gwaji. Wanda zai zuba kuɗi masu yawa a kan karen waje yana da haƙƙin ya nemi takardar gwajin iyayensa. Sai dai gwaji ba ya ganin komai sai kuskuren da aka riga aka sani, kuma mafaraucin Doguwa ba da shi zai fara ba. Abin da ke hannunsa ya fi araha, watau ido da tuni. Haɗin da ya taɓa fitar da mai tangaɗi kada a maimaita shi, don an riga an san uwar da uban duka suna ɗauke da abin. Shi mai tangaɗin kada a bari ya hayayyafa, in kuma ya kai ga ba ya iya ci ba ya iya tashi, a nemi likita ya hutar da shi, don wannan ciwo ba shi da magani, kuma barin dabba cikin wahala ba tausayi ba ne. Amma gwarzon kare irin Duna ba a yar da shi don yana ɗauke da kwafi ɗaya. A nemo masa karya daga nesa wadda ba su haɗa kaka ba, na Riruwai ya nemi ta Kiru, na Tiga ya nemi ta Burji. In aka ce duk mai ɗauke da wani abu a kawar da shi, jinin zai ƙara ƙuntata, a kori kuskure ɗaya a tara wasu uku.

Ku kuma ƙannena, ga aikinku, kuma ba sai mai karatun likitan dabbobi ba. In kun je hutu, ku sayi littafin rubutu na 'yan makaranta ku zauna da mafarautan garinku. Su mutane ne masu riƙe asalin karnukansu a ka har kaka uku ko huɗu, sai dai ba mai tambayarsu. Ku rubuta wace karya aka haɗa da wane kare, nawa ta haifa, nawa suka rayu, wanne ya yi tangaɗi, yana da wata nawa ya fara, ya yi zazzaɓi ko bai yi ba, an yi masa allurar hauka ko ba a yi ba. Wanda ke da waya ya ɗauki hoton tafiyar mai motsi, daga nesa, ba tare da ya taɓa karen ba. Binciken Finlan ɗin nan da irin wannan ya fara, da zuriyar da masu karnuka suka riƙe da jinin da suka yarda aka ɗiba. Littafi goma irin wannan daga ƙananan hukumominmu huɗu abu ne da malaman tsangayar likitan dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya za su iya ɗora aiki a kansa. In kun zauna da su kuma, ku tuna musu da allurar hauka tun ɗan kwikwiyo na wata uku, don masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa.

Da na dawo hutu a shekarar da na gane al'amarin Duna, na zauna da kawu da dare na zana masa lissafin a ƙasa, da tsakuwa fara da baƙa. Ya daɗe yana jujjuya tsakuwoyin, ya sa na maimaita sau uku. Sa'an nan ya ce, "To yaro, in haka ne, wanda na ba wa ɗan Kyalla a Dadin Kowa fa?" Na ce biyu cikin uku, kawu. Bai ce mini komai game da maƙwabcinsa ba, ni ma ban tambaya ba, amma da asuba na ji muryarsu su biyu a zaure.

Malam Shugaba, na ga ana miƙo mini takarda cewa lokaci ya ƙure. A nan zan dakata, in akwai mai tambaya ina saurare.